Kwalbar Mai Lafiya

Litinin, 6 ga Mayu

Kunna akwatin ɗumi, bakwai da kwata. Ya tsaya a talatin da bakwai.

Dogo, abokin aikina, ya ɗebi jinina ƙarfe takwas, kamar kowace Litinin. Hannun hagu. Yana ɗaure mini roba yana cewa, "Ma'auni, miƙo mana kayan aiki." Shi ya laƙaba mini sunan nan, har ya bi ni. Shekara uku ke nan ana gwada komai da jinina a ɗakin gwajin nan, don ni ce a kusa, ba na tsoron allura, kuma ban taɓa kwanciya asibiti ba sai haihuwa. A jikin kwalbata Dakta ta ce a riƙa rubuta "mai lafiya". Ni nake rubutawa da hannuna.

Yau lissafi bai fito ba. Sittin da ɗaya.

Bari in jera aikin daga farko, ko zan ga inda na kauce. A sa jini a injin juyi, a ware fararen ƙwayoyi, waɗanda Dakta ke kira sojojin jiki. A raba su kwalba biyu. Kowace a zuba mata ƙurar fumfuna da aka riga aka kashe, don a tsokane su. Fumfunar dangin wadda ke fitowa a burodi ce ko bangon da ya sha damshi, sai dai wannan huhun mutum take shiga in ta sami marar ƙarfi. Kwalba ta biyu a ƙara mata ɗigon dafin da fumfunar ke fitarwa. A zuba ruwan rini mai rawaya. Rabin awa a akwatin ɗumi. A shafa a gilas, in zauna a madubi mai ƙara girman abu in ƙirga ƙwaya ɗari. Wadda ta yi faɗa takan fitar da wani ruwa mai ƙuna, shi ke juya rinin ya koma shuɗi. Mai shuɗi ta yi aikinta. Fara fat ba ta yi ba.

Kwalbar dafi kullum tana wajen talatin. Yau ashirin da takwas, daidai ne. Kwalbar mai lafiya ita ce ya kamata ta haura tamanin. Tazarar da ke tsakaninsu, ita ce duk binciken Dakta.

Na ƙirga sau biyu. Sittin da ɗaya, sittin da uku. Na rubuta na farko.

Talata, 7 ga Mayu

Dakta ta duba littafi ta daɗe. Ta ce, "Anti, me ya faru a nan?" Na ce ban sani ba tukuna. Ta ce a sake mako mai zuwa, wataƙila rana ce kawai. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na koma baya a littafin bayan ta fita. Afrilu: saba'in da huɗu, saba'in da ɗaya, sittin da tara. Ashe ya daɗe yana zamewa, a hankali, kowane mako ina ce wa kaina ai bai yi nisa da na jiya ba.

Ni da aka ɗauko daga bakin famfo. Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe kafin ta ce in zo in leƙa madubi. Da aka yi ta ƙorafin wai mai takardar sakandare ba ta ƙirga ƙwayar jini, ita ta tsaya mini. Ba na mantawa. Masu ƙorafin ma ba su manta ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Gajiya. Na hau bene hawa biyu, sai da na tsaya a tsakiya kamar mai neman wani abu a jaka.

Asabar, 11 ga Mayu

Na je wurin Yaya. Na gyara mata farce, na duba ƙafafunta, babu sabon ciwo. Shekara tara da ciwon suga, har yanzu sai an bi ta da sanda. Na tarar da gwangwanin madara mai zaƙi a bayan tukwane. Ta ce na baƙi ne. Na ce waɗanne baƙi ne ke shan madara da cokali suna mayarwa bayan tukunya?

Ta ce, "Ke dai Allah ya ba ki lafiya, shi ya sa bakinki ke da tsawo."

Na yi mata wa'azin da na saba. Har da na fumfuna, cewa mai suga ya fi kowa saurin kamuwa. Tana ji tana gyangyaɗi.

Na sha ruwa kofi uku a gidanta. Zafi ake yi.

Litinin, 13 ga Mayu

Hamsin da takwas.

Na zargi sabulu. In ya saura ko kaɗan a jikin gilas yakan kashe ƙwayoyi. Na kwashe kwalabe ɗari da arba'in na sake ɗauraye su sau bakwai-bakwai da ruwan da aka tace, na dafa su a tukunyar turiri. Na tashi biyar da rabi. Yatsuna duk sun yi yaushi.

Dogo ya leƙo yana cin gyaɗa, ya ce, "Ma'auni, an mayar da ke tsohon ofis ne?" Wasa yake yi. Ban yi dariya ba, sai ya aje mini gyaɗar a kan tebur ya fita. A ɗakin gwaji, inda aka hana ci.

Laraba, 15 ga Mayu

Dakta ta shigo da ɗalibai shida. Ina goge teburi ina ji. Na ji bayanin nan ya fi sau ashirin, amma bari in rubuta yadda na fahimta, don in an mayar da ni famfo kada ya bi ruwa.

Fumfuna ba ta da ƙarfin da za ta tari sojojin jiki gaba da gaba, sai dabara. Dafinta yana hana su haɗa ruwan ƙunar nan, su zo har gabanta su tsaya hannu rabbana. In ya yi yawa ma wasunsu mutuwa suke yi tun kafin lokacinsu. Ban da dafi tana da waɗansu sinadarai masu aiki. Jini yakan shafa wa baƙo alama don sojoji su gane shi, to akwai sinadarin da ke tsinka alamar kamar almakashi, su wuce ta kusa da ita ba su san ita ce ba. Akwai kuma wanda in an watsa mata ruwan ƙunar yake mayar da shi ruwa da iska kawai. Dakta ta ɗiga ruwan wanke ciwo a kan farantin fumfuna, ya yi ta kumfa. Ta ce, "Kun ga makaminku yana tashi a banza." Wata ɗaliba ta ja da baya, Dogo ya ce ba ya cizo.

Ɗaya ya tambaya, to me ya sa ba kowa ke kamuwa ba, tunda kullum muna shaƙar ta? Dakta ta ce mai lafiya sojojinsa sun fi dabarar yawa. Ta nuna ni da biro. "Kamar Anti." Suka juyo suka dube ni da tsumma a hannu.

Bayan sun tafi ta ce rahoton binciken zai tafi ranar bakwai ga wata mai zuwa. In lambar ba ta dawo ba kafin nan, dole ta ba wani ƙirgar, don masu duba aikin za su tambayi wa ya yi. Ta ce, "Ba don ban yarda da ke ba." Na ce na gane.

Mako uku da kwana biyu.

Juma'a, 17 ga Mayu

Idona. Da rana ina madubi, gefen ƙwayoyin ya riƙa narkewa kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Na goge gilashin, na murɗa, na sake murɗawa. Ashe ba madubin ba ne, don kalandar bango ma haka na gan ta.

Ban gaya wa kowa ba. Shekara arba'in da biyu, ai lokacin tabarau ne. Amma in idon ne, tun yaushe nake rubuta ƙarya a littafin mutane?

Lahadi, 19 ga Mayu

Malam, maigidana, ya ga ina maƙala fil a ƙugun siket. Ya ce kawo nan, kada ki zubar mini da mutunci, matar tela da fil. Ya zaro tef daga wuya. Bai ma duba littafinsa ba, awona a kansa yake tun kafin a haifi babbar 'yarmu.

Ya auna, ya sake aunawa. Ya ce, "Likita, inci biyu da rabi fa." Haka yake kirana in yana tsokana, don 'yan layinmu sun ɗauka duk mai farar riga likita ce.

Na ce aiki ne ya yi yawa. Ya ce, "Aikin ne kuma yake shanye mana randa?" Na ce in ruwan yake jin ciwo in riƙa sayen nawa. Bai kamata in faɗi haka ba. Ya rage siket ɗin, keken yana ta ƙara fiye da yadda ɗinkin yake buƙata.

Litinin, 20 ga Mayu

Na buɗe sabuwar kwalbar rini. Na canza ruwa. Na aro ma'aunin zafi daga ɗakin jini na gwada akwatin ɗumi da shi, daidai yake.

Hamsin da biyar.

Na cire kunya na roƙi Dogo ya ƙirga gilas ɗina ba tare da na gaya masa lambata ba. Ya zauna yana danna abin ƙirga yana waƙa ƙasa-ƙasa. Hamsin da bakwai. Ya ce, "Idonki ƙalau, Ma'auni. Sojojin ne suka shiga yajin aiki."

Na ji sanyi kaɗan, sannan na ji ya fi muni. In ba ido ba, hannu ne. Wani abu nake yi ba daidai ba wanda na yi shekara uku ina yi daidai.

Da na zo rubutawa biro ya tsaya a kan takarda. Biyar da bakwai ba su da nisa a rubutuna. Saba'in da biyar, ba wanda zai ce komai. Na daɗe a haka. Na rubuta hamsin da biyar, na ja layi a ƙarƙashi, na rufe littafin da ƙarfi har Dogo ya waiwayo.

Laraba, 22 ga Mayu

Tsakanin yatsun ƙafar dama ya tsage, ya yi fari, yana ƙaiƙayi. Takalmin roba ne da tsayuwa a ruwa. Na shafa man da ya rage na Yaya.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ba abin rubutawa. Na yi barci a motar haya har na wuce inda nake sauka.

Litinin, 27 ga Mayu

Dogo ya ɗaure mini roba, na ga ɗakin ya karkata. Na dafa tebur. Dakta tana bakin ƙofa, ta ce a kwance robar nan, ba za a taɓa ni yau ba, in je in zauna in ci wani abu. Na ce na karya. Ta ce ta ji.

To jinin wa? Ta dubi Dogo. Mutumin da ya huda hannu ya fi dubu goma ya fara ja da baya yana cewa ai shi jininsa bai da kyau, ya sha shayi da yawa, kuma yana da mura tana tafe. Na ce wanzami ba ya son jarfa. Dakta da kanta ta ɗiba. Ya juya fuska bango yana kiran sunan uwarsa a hankali. Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba.

Ni na haɗa komai. Hannuna, kwalabena, rinin makon jiya, akwatin nan dai.

Na sa ido a madubi, shuɗi ko'ina. Na manta yadda gilas mai kyau yake. Tamanin da biyar. Kwalbar dafi, talatin da ɗaya.

Dakta ta ce alhamdu lillahi, ashe rinin ne, tsohon ya lalace. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin ga, kin gano shi." Tana sauri, ana jiran ta a taro. Ba ta lura sabon rinin tun makon jiya na buɗe shi ba, kuma da shi na sami hamsin da biyar. Yana nan a rubuce, shafi ɗaya baya.

Na buɗe baki. Na ce, "A sauka lafiya, Dakta."

Talata, 28 ga Mayu

Abin da ya canza tsakanin Litinin waccan da jiya guda ɗaya ne. Na juya shi ta kowace fuska a mota, da wajen wanki, guda ɗaya ne dai.

Wataƙila na yi kuskure a na Dogo. Mutum yana iya kuskure ya sami lamba mai kyau? Yana iya. Amma na san ban yi ba.

In na yi shiru: madubi nawa ne, rahoto ya tafi, a ce rini ne. Sai dai Litinin mai zuwa za a koma hannuna, lambar ta sake faɗuwa. Sai in ce jiri nake ji, a ci gaba da Dogo. Sau nawa zan ce haka?

In na faɗa: duk makonnin da aka gwada da jinina tun da ya fara zamewa sun tashi a banza. Aikin wata nawa ne na Dakta? Kuma su waɗancan su ce ai ga irinta nan.

Akwai abu na uku da ba na son in rubuta.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ƙafar ba ta warke ba, ta haura yatsa na gaba. Lokacin hutun rana kowa ya fita. Na cire safa, na kankaro farin wurin da bakin gilas, na ɗiga masa ruwan narkar da fata, na ɗan ɗumama, na sa a madubi. Haka muke yi wa marasa lafiyar da ake turowa daga sashen fata.

Zare-zare, masu gaɓa, suna reshe. Na gane su kamar yadda ake gane maƙwabci daga nesa. Ba irin ta farantin Dakta ba ce, amma gida ɗaya suka fito.

Kowa yana iya samun wannan, masu lafiya ma suna yi. Haka na ce wa kaina. Na jefa gilas ɗin a kwandon ƙonawa, na wanke hannu sau biyu, na sa safa. Sai na tuna abin da nake gaya wa Yaya duk Asabar, kalma da kalma, da muryata.

Na zauna a kujerar madubi har aka dawo daga hutu. Dogo ya ce na ci abinci? Na ce e.

Asabar, 1 ga Yuni

Gidan Yaya da safe. Ban karya ba, da gangan, ko da yake ban gaya wa kaina da gangan ba ne sai da na isa.

Na huda mata yatsa da ɗan injinta na awon suga, ɗari da sittin, ba laifi. Ina mayar da shi jaka sai na ce bari in ga ko injin nan yana aiki daidai, in gwada da nawa. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Gwada mana. Ai ke ce ma'auni."

Ɗari uku da goma sha biyu.

Na ce batir ne. Ta ce batirin da ya yi mini daidai yanzun nan? Na sake da wani yatsan. Ɗari uku da shida.

Na jira ta rama. Shekara tara ina tsaye a kanta, tana da abin faɗa cike da buhu. Ta tashi da ƙyar, ta shiga kicin, na ji tana ture tukwane. Ta fito da gwangwanin madarar ta aje a gabana. Ta ce, "Ungo, ki zubar da kanki. Yanzu mu biyu ya zame wa abokin gaba."

Sai ta zauna kusa da ni a kan tabarma ta ce, "Tun ranar da kika sha mini ruwa kofi uku na sani. Na ce in na faɗa za ki ce baƙin ciki nake yi."

Na yi kuka kaɗan. Ta ce in yi a hankali kada in ƙara wa kaina ƙishirwa.

Na gaya wa Malam da yamma yana yanka yadi. Ya aje almakashi. Ya ce, "To. Inci biyu da rabi ba su ɓace a banza ba." Ya tambayi me ake ci, me ba a ci. Na sani duka, ni nake koya wa mutane. Ya ɗauko littafin awo ya juya bayansa ya ce in faɗa yana rubutawa.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na shirya maganar da zan yi wa Dakta sau biyar. Kowace ta fi ta baya tsawo.

Litinin, 3 ga Yuni

Dogo ya zo da roba. Na ce ya dakata. Na ɗauki littafin na shiga ofishin Dakta, na buɗe mata shafin ashirin ga wata, na sa yatsa a inda na rubuta "sabon rini". Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na ce, "Dakta, ba rinin ba ne. Ni ce." Na faɗa mata lambar injin Yaya, da maganar idona. Na kuma ce tun Litinin waccan na gane, na yi shiru.

Ta ja littafin tana juya shafi baya, baya, tana bin lambobin da bakin biro. Ta tsaya a tsakiyar Fabrairu. Tamanin da huɗu, tamanin, saba'in da tara. Ta ninke kusurwar shafin. Wata uku da rabi. Ta cire tabarau ta rufe ido da tafin hannu, na ji ƙarar fankar sama kamar ba a taɓa kunna ta ba sai yau.

Na ce ta yi haƙuri.

Ta ce, "Haƙurin me? Yaushe rabon da a gwada ki?" Na ce tun ranar da na cika takardar yardar ba da jini, shekara uku. Ta ce, "Kin ji. Muna zaune a tsakiyar injinan gwaji, duk mako muna ɗibar jininki, ba wanda ya ɗiga shi a kan abin awon suga ko sau ɗaya. Ni na ce a rubuta mai lafiya. Daga ganin ido."

Sannan ta yi faɗan da nake jira, amma a kan makon da na yi shiru. Ta ce da ta aika rahoton da maganar rini a ciki fa? Ta ce kada in ƙara. Na ce ba zan ƙara ba.

Na tambaye ta abin da ke cina, ko suga yana iya yin abin da dafin ke yi. Ta ce hanyar daban ce, amma inda ake zuwa kusan ɗaya ne: suga in ya daɗe da yawa sojojin sukan yi nauyi, su isa a makare, ruwan ƙunar ya ragu. Fumfuna ta zo ta tarar an yi mata rabin aiki. Ta ce in suga ya sauka yawancinsu sukan farfaɗo, ido ma haka. Na ce ƙafata ma. Ta ce nuna mini. Na cire safa a ofishin Dakta.

Rahoto ba zai tafi ranar bakwai ba. Za ta rubuta musu gaskiya ta nemi wata biyu. Za a sake komai daga Fabrairu da jinin mutum uku, kowa sai an gwada shi tukuna. Ban tambayi maganar madubi ba. Ina bakin ƙofa ta ce, "Mutum uku, kwalba shida duk Litinin. Za ki iya, ko in raba muku da Dogo?" Na ce zan iya. Ta ce ta ji, amma za a raba har idona ya washe.

Dogo ya ji komai, bangon katako ne. Ya ce, "Yanzu ni ne mai lafiyar gidan nan? An shiga uku." Ya kwashe gyaɗarsa mai suga daga aljihun teburina, wai don kada ta jarabce ni.

Laraba, 5 ga Yuni

Na bi layi a sashen masu suga, bene na ƙasa, da kati a hannu. Shekara goma sha huɗu ina wucewa ta gabansu da tire na kwalabe. Bencin ya fi yadda nake zato tauri. Wata tsohuwa ta matsa mini, ta ce sabuwa ce ke? Na ce a nan nake aiki. Ta ce ba shi ta tambaya ba.

Ƙwaya biyu a rana. Man ƙafa safe da yamma, a busar da tsakanin yatsu.

Alhamis, 6 ga Yuni

Akwatin ɗumi, bakwai da ashirin. Talatin da bakwai.

Akwai takardun manne guda arba'in da na riga na rubuta wa "mai lafiya" tun watan jiya, don in rage wa kaina aiki. Na ba Dogo. Ya ce rubutuna ya fi nasa kyau, zai yi amfani da su a haka.

Shayi ba suga. Malam ma ya sha nasa haka, yana yamutsa fuska kamar an ba shi magani. Na ce shi ba a hana shi ba. Ya ce ya sani.

Mai shara ta tare ni a bene ta ce, "Anti, ya jiki?" Na ce da sauƙi. Sai da na kai hawa na biyu na ji abin da na ce. Na tsaya na huta, ban yi kamar ina neman komai a jaka ba.

Dakta ta ce bayan wata uku, in ina so, a sake sa jinina a gilas, don mu gani kawai. Ba na littafi ba. Na dai ware kwalba ɗaya na sa a bayan kabad, ban rubuta mata komai ba.

Gobe:
ƙwaya kafin in fita, kada in manta
kwalabe goma sha biyu a tukunyar turiri
jan layi a littafi daga sha biyu ga Fabrairu, ban ƙarasa ba
neman mutum na uku, direban sashe ya ce zai yi tunani
takalmi mai iska, Malam ya san wani
in tambayi Yaya yadda take yi da yunwar la'asar